Abin da Na Gani a Tashar Corwin

Bronx, New York
10 ga Fabrairu, 1987

Zuwa ga matata Nereida,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Mama Toña? Kin ce ƙafar ta rage kumburi har tana takawa zuwa baranda. Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce mata surukinta yana gaishe ta, yana kuma neman albarkarta. Ki gai da ƙanenki Nelson da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni a garin Lares.

Nan lafiya lau, sai sanyi. Dusar ƙanƙara ta zuba ranar Asabar, kafin Litinin ta koma baƙin caɓi a bakin titi. Bututun ɗumama gida ya sake fara ƙarar nan tasa. Na yi wa mai kula da benen magana, ya ce yana nan zuwa. Kin san zuwansa. Shuke-shukenki na bakin taga suna nan da ransu. Ɗaya ya yi yaushi, amma ba ni ba ne, haka kika bar shi.

Kin tambaya ko ina cin abinci. Ina ci. Ranar Lahadi na dafa shinkafa da wake, ta kama a gindin tukunya, na kwashe ta sama na jiƙa sauran. Tukunyar tana nan a jiƙe, nakan leƙa ta in wuce. 'Yarmu Lissette ta bugo waya daga Hartford, ta ce cikin ya fara nauyi, amma tana lafiya.

Akwai labari mara daɗi, gara ki ji shi daga wurina. Don Herminio Quiles ya rasu ranar Talatar da ta wuce. Mijin Doña Provi nake nufi, na benen da ke kallon namu, wanda ya yi shekaru yana guga a masana'antar ɗinki kafin a rufe ta, wanda ya kaɗa jita a bikin Lissette har mahaifiyarki ta tashi ta taka. A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa abin ya faru, tasharmu ta Titin Corwin, da safe. An binne shi ranar Juma'a. Yanzu ana addu'ar kwana tara a gidansu kowace yamma. Daga tagarmu ina ganin mata suna shiga da carbi da kwanukan abinci a rufe. Ban samu na je ba tukuna.

Ni kuma ina hutu. An ba ni 'yan makonni a wurin aiki. Kada hankalinki ya tashi, lafiyata ƙalau. Yawo nake yi da ƙafa, ina zaga unguwa. Jiya na wuce ta shagon askin Tito, ya leƙo da almakashi a hannu, ya kira ni da laƙabina ya ce, "Chebo, kusan shekara ashirin kana ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya, sai yau ka gano akwai rana a garin nan?" Mutanen shagon suka yi dariya, sai wani ya taɓa shi da gwiwar hannu, duk suka yi shiru. Na ɗaga musu hannu na wuce.

Gidan ya yi mini girma tun da kika tafi. Amma ki zauna ki kula da Mama, kada ki yi gaggawa saboda ni.

Ki huta lafiya.
Mijinki,
Eusebio


Bronx
27 ga Fabrairu

Nereida tawa,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa, ina kuma tambayar jikin Mama Toña. Allah ya sa zazzaɓin da kika ambata ya sauka.

Wasiƙarki ta zo jiya. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin saƙo, na hau sama na sake karantawa a zaune. Kin yi fushi, kuma kina da gaskiya. Bai kamata ki ji wannan magana daga bakin maƙwabciya ta wayar shagon Nelson ba, masu sayen sukari suna tsaye suna saurare. Ni ya kamata in gaya miki. Wancan karon na ɗauki biro da niyyar faɗa, sai na ga hannuna yana rubuta labarin tukunya da furanni.

E, jirgina ne. Ni ne a gaba, ni nake tuƙi.

Kin san yadda tasharmu take ta ɓangaren arewa, ko da yake ke daga dandamali kike ganinta. Daga inda nake zama, ramin yana lanƙwasa, ba abin da kake gani sai baƙin bango da fitilun hanya, sai kawai haske ya buɗe a gabanka, ga dandamali, ga mutane. A wannan bakin jirgi ya fi gudu, domin sai ya shigo yake lafawa. A duk tashoshin layin nan, a tamu kaɗai nake kallon fuskoki, saboda mutanenmu ne. Ina ganin matan da ke tafiya aikin asibiti da fararen takalmansu, ina ganin masu zuwa ɗinki da kofi a hannu, wani lokaci har ke nakan hango da jakar kasuwa.

Tun da aka rufe masana'antarsu, Don Herminio bai daina fita da safe ba. Yakan sa farar rigar da ya goge da hannunsa, ya ɗora kwat da hula, ya sauka tasha ya zauna a bencin ƙarshe na arewa. Ba ya hawa jirgi. Odessa, matar da ke zama a ɗakin tikiti, ta ce yakan kai hantsi a wurin sannan ya koma gida. Idan na shigo yakan ɗaga mini hannu, ni kuma in ɗan danna masa oda. Na ɗauka dattijo ne da ya saba da fita, gida ya gundure shi.

Ran nan ba a zaune yake ba. A tsaye yake a bakin dandamali, shi kaɗai, sauran mutane suna can tsakiya. Na gan shi sarai, Nereida. Ya cire tabaransa, ya naɗe, ya sa a aljihun kwat, a natse, kamar mai shirin wanke fuska. Sannan ya taka. Bai zame ba, ba wanda ya ture shi, ba jiri ne ya ɗebe shi ba. Takawa ya yi, kamar yadda mutum ke sauka daga matakala.

Na ja birkin gaggawa. Amma jirgi mai tarago goma ba ya tsayawa don ka so ya tsaya. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta miki ba, ba na so ya zauna a kanki kamar yadda ya zauna a kaina.

Cleophus Tate, kwandastana, shi ya ratso taragai ya zo ya same ni. Har lokacin hannuna yana kan birki. Shi ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Saki, ɗan'uwa, ya riga ya tsaya. Kada ka leƙa. Ni za ka kalla, kalli wannan mummunar fuskar tawa." Mutumin da ba ya iya wuni bai tsokane ni ba, ranar muryarsa rawa take yi.

'Yan sanda sun yi tambayoyinsu. Masu bincike na wurin aiki sun duba birki, sun duba ni, suka ce ba ni da laifi, ba direban da zai iya tsayawa a wannan tazarar. Da suka tambaye ni me na gani, na ce mutum ya faɗo gaban jirgi. Suka rubuta cewa ya faɗo. Ba su ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara ba. Maganar tabarau ke ce mutum na farko da ya ji ta.

An haɗa ni da wani likita da nake zuwa mu yi hira. Mutumin kirki ne, amma yaro ne, kuma bai taɓa zama a gaban jirgi ba. Tun ranar ban sake sauka tasha ba, ko tamu ko wata. Yawon ƙafar da na ce miki ina yi, dalilinsa ke nan. Addu'ar kwana tara ta ƙare ban taka gidan ba. Da wace fuska zan shiga?

Kin ce za ki baro Mama ki taho. Kada ki yi. Ita ba ta da wanda zai ɗaga ta sai ke, ni kuwa ina tsaye da ƙafafuna. Ki dai riƙa rubuto mini. Ko faɗa ne, ina so.

Naki har kullum,
Eusebio


Bronx
15 ga Maris

Abar ƙaunata Nereida,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida duka. Na yi murna da jin Mama ta koma cin abinci har tana ƙorafin gishiri. Idan ta fara ƙorafi, sauƙi ya samu.

Na gode da abin da kika rubuto. Na ajiye shi inda nake gani. Amma yau da wata magana na zo, shawararki nake nema.

Wilfredo ya zo nan ranar Lahadin da ta wuce da la'asar. Ɗan Don Herminio, wanda ke aiki a gidan waya. Na ba shi kujera bai zauna ba, na ce in haɗa kofi ya ce ya sha. Ya tsaya a tsakiyar falo yana murza hularsa.

Ya ce, "Don Eusebio, ba faɗa ya kawo ni ba. Na san ba ka da laifi, kowa ya sani. Mama ce take nemanka. Tana so ta tambaye ka abin da ka gani. Ka ce mata zamewa ya yi. Ranar ƙasa a jiƙe take da ruwan da mutane ke shigowa da shi a takalma, ba wanda zai musa."

Na ce, "Kai fa, me kake tsammani ya faru?"

Ya ce, "Ba tsammanina na zo gaya maka ba. Fiye da shekara arba'in suna tare. Ta sa a ranta yana wajen Ubangiji. So kake ka ce mata ya tashi da safe, ya sha kofin da ta haɗa masa, ya sa hularsa, ya zaɓi ya bar ta? Tana da hawan jini. Na binne ɗaya, kada ka sa in binne biyu."

Na ce zan yi tunani. Ya ce ba tunani ya zo nema ba. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kana da 'ya. Da kai ne, me za ka so a gaya mata?" Sai ya ja ƙofa ya tafi.

Washegari na ce bari in gwada sauka tasha, ko don in ga ko zan iya. Na kai bakin matakala. Iskar nan mai ɗumi da ke busowa daga ƙasa idan jirgi na tahowa, mai warin ƙarfe da ƙura, ta bugi fuskata, sai na tsaya cak. Na riƙe ƙarfen gefe, mutane suna ratse ni suna tsaki. A nan Odessa ta same ni, ta hawo shan iska lokacin hutunta.

Ta ƙare mini kallo ta ce, "Chebo, ka zama tsinke. Matar taka ba ta koya maka kunna murhu kafin ta tafi ba?" Sai ta ja ni gefe ta ce, "Tsohuwar nan tana ƙasa yanzu haka. Kullum tana kan bencin da mijinta ke zama, tun da aka gama addu'a. Ba ta kuka, ba ta yi wa kowa magana. Duk jirgin da ya shigo sai ta miƙa wuya ta kalli direba. In za ta fita sai ta tsaya a tagata ta ce, 'Yaushe Eusebio zai dawo aiki?' Na gaji da ce mata ban sani ba. Ni ba zan ce maka ga abin da za ka faɗa ba. Amma sanyin wurin nan zai kwantar da ita kafin bakinka ya yi mata komai."

Ga ni nan a tsakiya, Nereida. Idan na ce ya zame, na bi Wilfredo, kuma wataƙila ta samu barci. Amma zan kalli idon matar da ta riƙe Lissette ranar baftisma in yi mata ƙarya a kan mutuwar mijinta, in kuma ci gaba da gaishe ta kowace Lahadi a ƙofar coci. Idan na faɗi gaskiya, ban san abin da zan rushe ba.

Akwai kuma wani abu da ke cina, wanda ko likita ban gaya wa ba. Don Herminio ya san lokacin da nake shigowa. Watanni yana ɗaga mini hannu. Jirage suna wucewa ta nan tun asuba har dare, me ya sa nawa? Na taɓa yi masa wani abu ne ban sani ba? Ko kuwa ya ga ni na gida ne, sai ya ce bari ya ɗora wa na gida? Ina juya wannan tambaya har kaina ya yi zafi, ba inda take kai ni.

Ke kin san Doña Provi fiye da ni. Kun yi shekaru kuna zama benci ɗaya a coci. Rubuto mini abin da kika gani.

Ki gai da Mama da Nelson.
Mijinki mai kewarki,
Eusebio


Bronx
2 ga Afrilu

Nereida,

Ina gaishe ki, ina gai da Mama Toña. Allah ya sa kuna lafiya kamar yadda nake a yau, don yau kam zan iya cewa ina lafiya ba tare da na ɓoye miki komai ba.

Amsarki ta zo ranar Litinin. Kin ce ba za ki zaɓar mini ba, amma da ke ce, kin fi son ki ji abin daga baki ɗaya ya yi miki ciwo, da ki ƙare rayuwarki kina karanta fuskokin mutane. Kin kuma ce Provi ba ƙaramar mace ba ce, ita ta yi wa mahaifiyarta wanka da hannunta ranar da ta rasu. Na kwana da maganarki, ranar Talata da hantsi na sauka.

Ban san yadda na gama matakalar ba. Odessa ta gan ni, ta buɗe mini ƙofar gefe. Dandamalin bai taɓa yi mini tsawo irin na ranar ba. Tana can ƙarshe, cikin baƙaƙen kaya, da ɗankwali, jakarta a kan cinya. Da ta gan ni sai ta matsa ta ba ni wuri, kamar dama mun yi alkawari.

Kafin wani ya yi magana jirgi ya shigo. Na runtse ido, na damƙe bakin bencin. Ta jira har ya kwashi mutanensa ya tafi, tashar ta yi tsit.

Ta ce, "Ka rame, ɗana."

Na ce, "Doña Provi, ki yafe mini, ban zo gaisuwa ba."

Ta ce, "Bar wannan. Wilfredo ya je wurinka, ko? Na san abin da ya ce ka faɗa. Fadan cocinmu ma haka ya ce mini, ɗan sandan ma haka. Kowa yana yi mini magana a hankali kamar zan fashe. Kai kaɗai ka gani. Faɗa mini, kada ka rage."

Sai na faɗa mata. Inda ya tsaya, yadda ya cire tabarau ya naɗe ya sa a aljihu, yadda ya taka. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ina magana ina kallon hannuwanta, ina jiran in ga sun fara rawa. Ba su yi ba. Ta buɗe jakarta ta fito da tabaran, a naɗe cikin hankici.

Ta ce, "A aljihun kwat ɗinsa aka kawo mini shi, ko tsagewa bai yi ba. Herminio ba ya iya gano kofinsa a kan tebur in ba da wannan ba. Mutumin da ya zame, tabaransa a fuskarsa yake. Tun ranar na sani."

Na ce, "To me ya sa kike zaman nan cikin sanyi?"

Ta ce, "Don sanin ya yi mini nauyi ni kaɗai. Ina so wani ya faɗa da baki, in tabbata ba haukacewa na yi ba."

Daga nan ta yi ta magana, ni kuwa ina saurare. Ta ce kusan shekara biyu ke nan mijinta ba shi ba ne. Ya rataye jitarsa bai sake taɓa ta ba. Yakan zauna ya fuskanci bango, ta kira shi sau uku bai ji ba. Ta gaya wa Wilfredo, ya ce hutu ne bai saba da shi ba. Ta gaya wa Fada, ya ce ta ƙara addu'a. Ta ja shi wurin likita, aka ba shi maganin ƙarin jini. Ta ce, "Na yi ta faɗa, ba wanda ya ji. Yanzu kuma so suke in ce ban taɓa ganin komai ba. Ciwo ne ya ci shi, ɗana, kamar yadda ciwon zuciya ke cin wasu. Allahn da ya yi shi ya fi Wilfredo sanin haka."

Sannan ta tambaye ni abu ɗaya. Ta ce, "Ya ji tsoro?"

Na ce, "Ban ga tsoro a fuskarsa ba. Gajiya na gani."

A nan ne ta yi kuka. Ba da ƙarfi ba, ta dai sunkuyar da kai, kafaɗunta suna motsi. Jirgi biyu ko uku suka zo suka wuce. Mutane suka kalle mu suka kau da kai, kin san halin garin nan.

Da ta share fuska, ban san lokacin da tambayata ta fito ba. Na ce, "Doña Provi, me ya sa jirgina? Ya san lokacina. Me na yi masa?"

Ta juyo ta kalle ni sosai, irin kallon da uwa ke yi wa yaron da ya kasa gane abu mai sauƙi. Ta ɗaga tabaran ta ce, "Ashe ba ka gane ba. In ya cire wannan, ba ya bambanta fuskar mutum da fitila. Ya san akwai ɗan mutane a gaban jirgin nan, kai ko waninka. Da ya ga fuskarka, da bai iya ba. Ba zaɓenka ya yi ba, ɓoye ka ya yi wa idonsa." Ta dafa hannuna ta ce, "Duk da haka ya cuce ka, ba zan ce bai cuce ka ba. Shi ba ya nan. Ni nake ba ka haƙuri a madadinsa."

Nereida, tun ranar da abin ya faru hawaye bai fito mini ba, ko a gaban likita, ko ni kaɗai. A bencin nan ya fito. Ƙato da ni, tsohuwa mai takaba tana bubbuga bayana tana cewa, "Ya isa, ɗana, ya isa."

Na raka ta har sama. Tana hawa tana hutawa, tana riƙe da hannuna. A bakin titi ta ce in je in ci abinci, ta kuma ce ita za ta yi wa Wilfredo magana da kanta, kada in sa baki.

Ban sani ba ko daidai na yi. Na dai san na yi barci a daren.

Ki huta lafiya, ke da Mama.
Naki,
Eusebio


Bronx
24 ga Afrilu

Zuwa ga matata Nereida,

Bayan gaisuwa, yaya kuka yi Ista? Na ji daɗi ƙwarai da kika ce Mama ta je coci da ƙafarta, da sanda kawai, kuma matar Nelson ta yarda za ta karɓi jinyar daga hannunki. Wato cikin watan gobe zan gan ki. Lissette ta ce ki yi sauri, jikan naki ba jira zai yi ba.

Wilfredo ya tare ni a gaban shagon burodi, mako ɗaya bayan na ga mahaifiyarsa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Abu ɗaya na roƙe ka." Na ce, "Ta riga ta sani, Wilfredo." Ya ce, "Ni ne ban so in sani ba." Ya juya ya tafi. Har yau in mun haɗu yakan tsallaka titi. Ban ga laifinsa ba, kuma ba na sa ran zai sauko nan kusa. Wataƙila ma ba zai sauko ba. Amma ranar Lahadin Ista na ga ya zo da mota ya ɗauki uwarsa, da furanni a kujerar baya. Odessa ta ce tsohuwar ba ta sake sauka tasha ba.

Na koma aiki ranar Litinin. Cleophus ya gan ni a ɗakin ma'aikata ya ce, "Ga ɗan hutu ya dawo. Wanda suka ba ni a madadinka in ya taka birki sai haƙoran fasinja sun haɗu. Kai ma ba iyawa ka yi ba, amma na saba da kai." Sai ya rage murya ya ce in na ji ba zan iya ba, in danna masa ƙararrawa kawai, shi zai san abin da zai gaya wa na sama.

Tashoshin farko ba su dame ni ba. Da muka doshi lanƙwasar nan, bakina ya bushe, rigata ta manne a bayana. Hasken ya buɗe. Mutane ne a tsaye kamar kullum, kowa da abin da ya dame shi, ba wanda ya san wane ne a gaba. Na tsayar da jirgin daidai inda ake tsayar da shi. Wasu suka sauka, wasu suka hau, Cleophus ya rufe ƙofofi ya ba ni alama, muka tafi. Haka nake yi kowace safiya yanzu. Bakin yana bushewa har yau. Likita ya ce zai ragu, Cleophus ya ce ba ya raguwa, mutum ne ke sabawa. Zan ga wanda ya fi gaskiya a cikinsu.

Ga wani saƙo. Jiya Doña Provi ta aiko a kira ni, na je, ta ba ni kofi da soyayyen agade. Ta ce ta ji za ki dawo. Ashe Don Herminio a wata unguwar gonakin kofi aka haife shi, a kan hanyar Lares zuwa Adjuntas, kusa da wata tsohuwar gada. Ta ce Nelson zai san wurin in an ce masa gonar Quiles. Tun da ya baro yana saurayi sau ɗaya ya koma, kuma ya sha cewa can yake so a kai shi. Ba a samu hali ba. Tana roƙo ki ɗebo mata ƙasar wurin, ko cikin tafin hannu ne, ki ƙulla a ƙyalle, ta zuba a kan kabarinsa.

Na ce mata za ki kawo. Na yi alkawari da sunanki ban tambaye ki ba, don na san wadda na aura.

Ki sumbaci hannun Mama a madadina. Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki,
Eusebio Carrasquillo